Daɓen da Ya Ƙi Bushewa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Sista ta tashi daga aiki. Ko farar rigarta ta asibiti ba ta cire ba. Ta biya wani shago a bakin titi ta sayi bokiti da tsumman goge daɓe mai sanda, ta jefa su bayan mota, ta kama hanyar sabon gidanta da ke can ƙarshen gari. Tuƙi take tana tsaki. Yau dai ta ɗaura niyyar ganin ƙarshen maganar ɗakin nan da idonta.

Ɗaki ɗaya ne ya hana ta tarewa. Mahaifiyarta, Inna, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, gidan hayar da suke ciki kuma a saman bene yake. Duk ranar komawa asibiti sai an roƙi samarin maƙwabta su sauko da ita a kan kujera, su kuma hau da ita, tsohuwa tana runtse ido don kunya. Maigidan Sista aikinsa a wani gari ne mai nisa, iyakar gudummawarsa a waya ita ce ta ƙara haƙuri. Haƙurin kuwa ya kai mata wuya.

A sabon gidan ta ware wa Inna ɗakin ƙasa, kusa da ƙofar shiga. Ta ƙi tayil mai sheƙi saboda santsi, ta zaɓi wasu fala-falan duwatsu masu launin toka, waɗanda ƙafa ke kamawa. A jikin duwatsun akwai zane-zane a nannaɗe kamar katantanwa, wasu kamar tafin hannu, wasu sun kai faranti. Ita ta ɗauka ado ne na masu yankan dutse, sai da autarta, wadda ke karatun ilimin duwatsu a jami'a, ta durƙusa a kansu tana shafawa kamar ta ga zinariya.

Auta ta ce ba ado ba ne, gawarwaki ne. Wasu halittun teku ne da ake kira amonait, masu bawo a nannaɗe, cikinsa ɗaki-ɗaki, da hannaye masu laushi da ke fitowa ta bakin bawon. Sun ƙare ƙaf tun shekaru miliyoyi kafin a san da mutum a bayan ƙasa. Laka ta binne su, lakar ta zama dutse, injin yanka ya zo ya tsaga dutsen da su a ciki. Da suka koma gida ta yi wa kakarta albishir cewa a ƙasan teku za ta riƙa kwana. Inna ta yi dariya da rabin bakinta. Sista ta ce ita dai ko gawar giwa ce, in ba za ta kayar mata da uwa ba, shi ke nan.

Sai daɓen ya ƙi bushewa.

Mai tayil na farko ya shimfiɗa duwatsun, ya ce a ba shi kwana biyu, bai ƙara ɗaukar wayarta ba. Aka samo mata wani dattijo da kowa ke yabon aikinsa, Baba mai tayil. Shi ya ce siminti ne marar kyau. Aka sake siminti. Ya ce to bututu ne ya fashe a ƙasa. Mai aikin famfo ya zo ya rantse babu bututu ko ɗaya a ƙarƙashin ɗakin, gidan ma ba a ja masa ruwa ba tukuna. Ya ɗora laifin a kan mai rufi. Mai rufi ya hau ya sauko ya ce rabon sama da ruwa har an manta. Kowa ya karkaɗe rigarsa ya tafi, daɓe kuwa kullum da safe sharkaf, da wani farin gari a bakin duwatsun.

Yau da azahar tana tsakiyar sa wa wani marar lafiya ƙarin ruwa Baba ya kira. Ya ce ta yafe shi, ba zai koma ba. Ta tambayi dalili, ya yi ta kewaye-kewaye. Da ta matsa masa sai ya rage murya.

"Sista, ɗakin nan da masu shi."

"Waɗanne masu shi, Baba? Ni ce mai shi."

Ya kashe wayar.

Abin da ya tunzura ta ke nan. Ta ga ma'aikata iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kasa aiki ya ɗora wa aljanu ba. Ta yanke shawarar za ta goge daɓen da hannunta, ta zauna ta zuba masa ido, ta ga ta inda ruwan ke ɓullowa. Gobe ta kira su duka ta nuna musu da yatsa.

Ta isa ana kiran magariba daga nesa. Unguwar sabuwa ce, gidaje rabi da rabi, tarin yashi da bulo a kowane lungu. Masu gini duk sun tashi. Ta buɗe ƙofar gida ta shiga da bokitinta. Falo a bushe ƙayau, ƙurar siminti har tana tashi a sawunta. Ba a haɗa wuta ba, sai ɗan hasken da ya rage a tagogi.

Ta tura ƙofar ɗakin Inna.

Warin ne ya fara tarbarta. Ba warin siminti ba ne. Ƙarni ne mai sanyi, irin na wurin masu sayar da ɗanyen kifi, haɗe da wani abu kamar tsatsa. Ɗakin ya fi falo duhu, domin mai gilashi ma bai kawo tagar ba, falankin katako aka kafe a gurbinta da ƙusoshi. Ta kunna tocilan wayarta ta ɗora a kan wani buhun siminti da aka jingine a bango.

Daɓen yana ƙyalli. A kusurwa ga kayan aikin Baba a watse, cokalin gini da guduma da ma'auni, har da takalminsa ƙafa ɗaya. Ta ƙara tsaki. Dattijo guda, gudu har da barin takalmi.

Ta naɗe hannun riga ta fara guga. Ta goge ta matse, ta goge ta matse. Ta fara daga bango ta taho da baya-baya har bakin ƙofa. Ta miƙe, bayanta yana ciwo, ta haska inda ta faro.

Ya sake jiƙewa.

Ta koma ta durƙusa ta sa ido sosai. Ba daga bango yake zuwa ba. Ba ta tsakanin duwatsun yake fitowa ba. Daga cikin zanen yake tsattsafowa, ɗigo-ɗigo, yana bin nannaɗin daga tsakiya zuwa waje, kamar gumi a goshi. Ta dangwala yatsa ta kai harshe.

Gishiri.

Ta tofar. Haushinta ya fi tsoronta yawa. Ta ce a ranta lallai wanda ya sayar mata da dutsen ya cuce ta, wani gishiri ne a jikinsa ke jan laima. Ta ɗauki wayar ta kira Auta don ta tambaye ta ko dutse na yin haka.

Auta ta ɗauka, ta ce Inna ta ci abinci ta sha magani. Sai muryarta ta canza.

"Umma, kina ina ne?"

"Ina sabon gida, ina aikin da ƙattin maza suka kasa."

"To ƙarar ruwan me nake ji haka? Kamar kina bakin teku."

Sista ta janye wayar daga kunne ta saurara. Ɗakin tsit. Ta mayar don ta ce mata babu komai, sai ta ji shi a cikin wayar. Wani gurnani mai zurfi, yana zuwa yana komawa. Muryar Auta can ƙasa da shi, ƙarama, tana kiran Umma, Umma. Kiran ya yanke.

Sanyi ya taɓa yatsun ƙafarta.

Ta haska ƙasa. Ruwa ya rufe daɓen gaba ɗaya, ya shiga takalminta. Bokitin da ta cika ya ɗan motsa, ya juya a hankali.

Ta nufi ƙofa. Ba ta tuna ta rufe ta ba, amma a rufe take. Ta murɗa hannun ƙofar, ya murɗu. Ta ja. Katakon ya kumbura ya cije a gurbinsa kamar wanda ya shekara a jiƙe. Ta sa ƙafa a bango ta ja da hannu biyu. Ko gezau.

Ta ƙasan ƙofar tana iya ganin siririn haske daga falo. Ruwan bai fita ta nan ba. Ya tsaya a bakin dokin ƙofa cak, kamar an yanka shi da wuƙa.

Ya kai idon sawu.

Ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Harshenta yana harɗewa, tana kamo wannan tana sakin waccan.

Sai ta ji ƙara.

Ƙas. Ƙas-ƙas.

Kamar kofunan tangaran suna gogar juna a cikin kwanon wanke-wanke. Daga kusurwa ɗaya. Sannan daga wata. Sannan ko'ina.

Ta ja da baya, diddigenta ya faɗa rami. Ta haska. Inda zanen katantanwa yake ɗazu, yanzu gurbi ne fanko, a nannaɗe, kamar an ƙwaƙule abin da ke ciki. Ta haska gaba. Wani gurbin. Wani kuma. Duk daɓen ya zama ramuka.

Ruwa ya kai gwiwa.

Wani abu ya gifta ta cikin hasken. Ya dawo. Bawo ne a tsaye kamar ƙafar keke, yana tafiya da baya-baya, yana ɗan rangaji. Wasu siraran hannaye suna binsa suna lilo. Da ya juya sai ta ga ɗaya gefen.

Babu ɗaya gefen.

An yanke shi tsaf, sumul, yadda injin ya bi ta kansa. Ɗakunan cikinsa a buɗe, ɗaya bayan ɗaya, naman yana motsi a fili.

Duk haka suke. Rabi-rabi. Suna kewaya ta, suna karo da juna, suna juyi a wuri ɗaya kamar makafi.

Wani ya shafi ƙaurinta. Laushi, sanyi, kamar jiƙaƙƙen yatsa.

Ruwa ya kai ƙugu. Numfashinta ya fara sarƙewa don sanyi.

A lungun da ta auna don gadon Inna akwai dutse mafi girma, mai zane kamar tayar mota. Ba ta so ta haska wurin ba. Hannunta ne ya juya da kansa.

Wani yana zaune a can.

Ba ta ga fuska ba. Tudu ne baƙi, doguwar suma ko ciyawa tana yawo a kan ruwa kewaye da shi. A cinyarsa yana rungume da babban bawon, yana shafa yankakken gefen a hankali, yadda uwa ke shafa kan yaro mai zazzaɓi. Daga bakin bawon wani ido guda, faffaɗa kamar murfin kwano, ya buɗe ya tsaya a kanta.

Muryar wanda ke zaunen ba ta kunne ta shigo ba. Ta cikin ruwan ta hau, ta ƙashin ƙafarta.

"Ina rabinsu?"

Sista ta ƙanƙame wayar.

"Na kwantar da su cikakku. Ina rabinsu?"

"Ban sani ba," ta ce da raɗa. "Saya na yi."

"Kin taka su."

Ruwa ya kai ƙirji. Rigarta ta yi nauyi. Wani abu ya naɗe mata idon sawun hagu, zagaye ɗaya, zagaye biyu, ya matse.

A nan ne wani abu ya tsinke a zuciyarta. Watanni tana bin ma'aikata, kowa na miƙa ta ga wani. Watanni tana kallon uwarta a kan kujera a tsakiyar matakala. Yanzu kuma ga wani ya zo da nasa laifin zai ɗora mata. Haƙoranta suna kaɗawa, amma maganar ta fito.

"Ni na yanka su? Ni na haƙo su? Ɗaki nake nema wa uwata. Ɗaki kawai. Ku ma ni za ku tambaya?"

Ƙarar bawon ta tsaya.

Hannun da ke shafa ya tsaya.

Ɗakin ya yi shiru, irin shirun da ba ta taɓa ji ba. Abin da ya riƙe ƙafarta ya ɗan sassauta, kamar mai saurare.

Ba ta jira ba. Sandar tsumman tana yawo kusa da ita. Ta saki wayar, duhu ya rufe, ta cafki sandar ta tura kanta wajen taga. Ta laluba falankin. Ta soka sandar a gefensa ta danna da dukan nauyinta.

Ƙusa ɗaya ta yi ƙara.

Bayanta ruwa ya motsa. Wani babban abu ya taso.

Ta sake dannawa. Sandar ta karye. Ta sa kafaɗa.

Ruwa ya kai haɓa. Gishiri ya shiga bakinta.

Ta sake bugawa.

Falankin ya ɓalle.

Ta kama bakin tagar ta ja jikinta. Riƙon ƙafarta ya dawo da ƙarfi, ya ja ta baya har cikinta ya gurzu a bulo. Ta yi shuri da ɗaya ƙafar, ta taka wani abu mai tauri, ya fashe kamar ƙwai. Takalminta ya zame ya tafi da abin da ke riƙe da shi.

Ta faɗo kan tarin yashi.

Yashin a bushe yake, da sauran ɗumin rana. Ko ɗigo bai biyo ta ta tagar ba. Can a bakin titi wani mai babur ya wuce yana jin rediyo. Sama ba ta ma gama duhu ba.

Ta rarrafa har mota. Ba ta waiwaya ba. Da ta isa gida Auta na tsaye a ƙasan bene tana kuka, ta kira wayar uwar har ta gaji. Ta ga uwarta ƙafa ɗaya babu takalmi, rigar asibiti ta bushe ta yi ƙandas da farin gishiri har wuya. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, Sista ta ce ta bari tukuna, kuma kada Inna ta ji.

Washegari da rana tsaka ta koma da Auta da wasu leburori. Ƙofar ɗakin ta buɗu da yatsa ɗaya. Daɓen yana nan da laimarsa, kowane zane a gurbinsa, sai guda ɗaya kusa da taga da ya tsage. Wayarta na tsakiyar ɗaki, ta mutu. Takalmin ba a gan shi ba. Buhun simintin da ke jingine a bango ya daskare ya zama dutse tun daga ƙasa har sama. Auta ta daɗe tana kallonsa, ba ta kawo wani bayani daga karatunta ba.

Sista ta sa aka ɗaye duwatsun duka kafin la'asar, aka kai su wani tsohon ramin da ake ɗibar ƙasa a bayan gari, aka jera su a hankali, aka rufe. Ta hana a jefa ko ɗaya. Leburorin suna ta mamakin matar da ke binne dutse kamar gawa. Aka yi wa ɗakin daɓen siminti zalla, ya bushe cikin kwana biyu. Inna ta tare, kekenta na marasa lafiya yana shiga yana fita ba mai ɗaga ta. Baba mai tayil ya aiko a karɓar masa kayan aikinsa, bai zo da kansa ba, ita ma ba ta neme shi ba.

Alamar da riƙon nan ya bari a idon sawunta ce ba ta ɓace ba, wasu ƙananan zagaye a jere kamar an ɗora bakin kwalba. Likitan fata ya ba ta man shafawa iri-iri, a banza. Ba ta ciwo. Sanyi kawai take yi wani lokaci.

Bayan wasu watanni ta je wani babban ginin ofisoshi a tsakiyar gari karɓo wa maigidanta wasu takardu. Yamma ta yi, ma'aikata suna ta fitowa. Tana sa ƙafa a zauren ƙasa alamar ta ɗauki sanyi kamar an ɗora mata ƙanƙara. Ta dubi ƙasa. Dutse mai launin toka, daga bango har bango, da nannaɗaɗɗun zane a ko'ina.

A tsakiyar zauren wata mata mai shara tana ta guga tana mita ita kaɗai. Tun safe take goge wurin nan, in ji ta, kuma shugabanta ya ce ita ce ba ta iya aiki ba.

Sista ta matsa kusa da ita, ta rage murya.

"Baiwar Allah, kada ki bari magariba ta same ki a nan."

Matar ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa, ta matse tsummanta a bokiti.

"Hajiya, sai na gama ake bari in tafi. In kin san mai gyaran famfo, ki turo mana."

Mai gadi ya fara jan ƙofofin gilashi yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sista ta ajiye jakarta a kan kujera, ta kama hannun matar gam, bokiti da tsumma suka zube, ta ja ta waje tana turjewa tana zaginta, har sai da ƙafafunsu suka taka busasshiyar kwalta.